Kundin gyaran rauta da modem ɗin faiba a gidan bene

Asabar, 5 ga Afrilu

Gidan bene ne a Kano, ginin bulo, da rufin kankare tsakanin ƙasa da sama. Kamfanin intanet ya jawo faiba, wayar gilashi mai ɗauko intanet da haske, zuwa falon ƙasa, aka ajiye modem ɗin, na'urar da faibar take shiga, cikin kabad ɗin talabijin. Tsarin da ake biya na 50 Mbps ne. Wi-Fi ɗin modem ba ya hawa sama, shi ya sa aka sayo rauta daban, na'urar raba intanet a gida, aka kai ɗakin sama, aka haɗa su da kebul mai tsawon mita 28 wanda mai wayarin ya bi da shi cikin bututu a bango. Koken masu gida shi ne waya tana kama Wi-Fi cif amma ba ta buɗe komai. Wata wayar ta yi, wata ta ƙi, wadda ta yi da safe kuma ta ƙi da la'asar.

Kafin a taɓa rauta an fara da modem. An kashe Wi-Fi na laftof, aka haɗa shi kai tsaye da ramin LAN1 na modem, ɗaya daga ramukan jona na'urorin gida, da gajeren kebul ɗin da ya zo cikin kwali. Gudu 47 Mbps saukewa, 22 ɗorawa. Fitilar PON, mai nuna haɗi da kamfani, kore ce a tsaye, LOS mai nuna yankewar haske a kashe. A shafin saitin modem, adireshi 192.168.1.1, ƙarfin hasken da yake karɓa -19.6 dBm, ma'aunin da yake ƙara nisa ƙasa da sifili idan haske ya raunana. An rubuta wannan lambar an ajiye. Irin wannan modem na faiba, wato GPON, yana aiki ne tsakanin -8 da -27, don haka layin kamfani lafiya lau yake a yau.

Da aka hau sama aka tarar da kuskuren farko: kebul ɗin da ya taso daga modem a ramin LAN1 na rauta aka soka shi, ramin WAN, inda ya kamata intanet ya shigo, yana nan wayam. Ke nan na'urori biyu ne suke rabon adireshi a gida ɗaya, kuma duk biyun suna amsa sunan 192.168.1.1. Wayar da modem ya riga amsa mata ta samu hanyar fita, wadda rauta ta riga amsa mata ta tsaya a ƙofar da ba ta kai ko'ina. Dalilin "wata ta yi, wata ta ƙi" ke nan.

An sauko da rautar kusa da modem, aka haɗa su da gajeren kebul, wannan karon a WAN. Shiru. WAN ya karɓi 192.168.1.4 daga modem, alhali gefen LAN na rautar shi ma 192.168.1.1 ne. Idan layin adireshi ɗaya ne a ciki da waje, rauta ba ta san inda za ta jefa saƙo ba. Wasu sababbin rautoci suna gane haka su canza da kansu, wannan ba ta yi. An mayar da LAN ɗinta 192.168.50.1, rabon adireshin da take yi da kanta, wato DHCP, daga 50.100 zuwa 50.199, aka sake kunna ta. Waya huɗu da laftof duk suka shiga, gudu 45 a 5 GHz.

Ba a kashe ko sisi ba yau.

Lahadi, 6 ga Afrilu

An mayar da rautar sama, kan dogon kebul. Matsala ta dawo da wata kama. Fitilar WAN tana zuwa tana ɗaukewa, shafin rauta wani lokaci ya nuna adireshi, wani lokaci 0.0.0.0. Idan ta kama, gudu ba ya wuce 7. Ping, ɗan saƙon gwaji da ake aikawa a jira amsa, zuwa modem guda 200, an rasa 61. Saiti bai canza ba tsakanin jiya da yau, kebul ne kawai ya canza.

Talata, 8 ga Afrilu

An sayo kayan aiki a Farm Centre: testar kebul ₦7,500, filayar matse kai ₦9,000, kawunan kebul na RJ45 guda 20 ₦2,000.

Testa ta kunna fitilu takwas bi da bi, 1 zuwa 8, babu tsallake. Wanda ya tsaya a nan zai wanke kebul ɗin ya koma zagin kamfani. Amma irin wannan testa mai araha abu ɗaya kawai take dubawa, wato ko waya ta isa daga wannan kai zuwa wancan. Ba ta san yadda aka jera su ba.

Da aka haska kan da tocila sai ga abin a fili. Mai wayarin ya jera wayoyin ne tagwaye-tagwaye kamar yadda suka fito daga riga: ruwan lemo biyu, kore biyu, shuɗi biyu, ruwan ƙasa biyu, kuma haka ya yi a kai biyun, shi ya sa testa ta yarda. A ido jerin ya yi kyau, a aiki kuwa ɓarna ce. Haɗin 100 Mbps yana amfani da fil na 1 da 2 a matsayin tagwaye ɗaya, na 3 da 6 a matsayin ɗayan. A jerin mai wayarin, fil na 3 kore ne, na 6 shuɗi, wato wayoyi biyu da ba a murɗe su tare ba. Murɗin nan shi ne yake kashe hayaniyar lantarki. A kebul na mita ɗaya ko biyu ba za a ji bambanci ba, a mita 28 kuwa saƙo yana lalacewa a hanya.

An yanke kai biyun aka sake su bisa jerin T568B, maƙallin kan yana kallon ƙasa, daga hagu zuwa dama: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kada a warware murɗin fiye da milimita 13, kuma rigar kebul ta shiga cikin kan har haƙorin baya ya danne ta. Kai uku suka lalace kafin a samu mai kyau, domin wayoyin suna karyewa da an lanƙwasa su sau biyu. Hakan ya sa aka kankare ɗaya da reza. Jan ƙarfen fenti ne kawai, cikinsa fari fat: alminiyom ne mai rufin jan ƙarfe, irin wanda ake kira CCA, ko da yake an buga Cat6, sunan ajin kebul mai inganci, a jikin riga.

Bayan gyara, ping 500 ba a rasa ko ɗaya ba, gudu 46. Sai dai haɗin ya tsaya a 100 Mbps alhali ramukan biyu na 1000 ne. Ko dai ingancin kebul ɗin ne, ko don bututu ɗaya ya bi da wayar wuta na kusan mita shida, ko duka biyun. Tunda 50 ake biya, wannan zai jira.

Laraba, 9 ga Afrilu

Lafiya lau yini guda. An canza kalmar sirrin shiga shafin rauta, an ajiye kwafin saitinta a laftof.

Asabar, 12 ga Afrilu

Sau uku a makon nan, duk lokacin da aka ɗauke wuta aka koma janareta, intanet ba ya dawowa sama sai an cire rauta an mayar. An gwada da agogo a hannu. Rauta tana gama tashi cikin daƙiƙa 40. Modem yana kunna fitilar LAN da wuri, amma ba ya fara rabon adireshi sai bayan minti ɗaya da rabi, PON kuma ba ta tsayawa sai kusan minti biyu. Rautar tana neman adireshi tun modem bai farka ba, ta nema ta nema ta gaji, sai ta yi ta jan lokaci tsakanin nema da nema. An bar ta minti goma, ba ta kama ba.

An cire ta daga jiran DHCP gaba ɗaya. WAN ya koma adireshi tsayayye: 192.168.1.2, mask 255.255.255.0, ƙofar fita 192.168.1.1, DNS, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, 1.1.1.1 da 8.8.8.8. A modem kuma an ɗaga farkon rabonsa zuwa 192.168.1.20 don kada ya ba wata waya lambar rautar. An kashe wutar gidan daga babban makunni sau huɗu, duk sau huɗun intanet ya dawo da kansa cikin minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi.

Litinin, 14 ga Afrilu

Sabon koke: yankewa na minti biyu zuwa uku, tsakanin azahar da la'asar kawai. An bar laftof a sama da taga uku a buɗe, kowace tana ping -t, wato ping ba tsayawa: ɗaya zuwa 192.168.50.1, ɗaya zuwa 192.168.1.1, ɗaya zuwa 8.8.8.8. Idan ta farko ta yanke, Wi-Fi ne ko rauta. Idan ta farko tana tafiya ta biyu ta yanke, kebul ne ko modem. Idan ta uku ce kaɗai, matsalar tana waje.

Talata, 15 ga Afrilu

Ƙarfe 2:48 da 3:35 ta biyu da ta uku suka yanke tare, ta farko ba ta girgiza ba. Shafin modem ya nuna minti 11 kacal da tashinsa, alhali ba a ɗauke wuta ba. Modem ɗin ne yake mutuwa yana tashi da kansa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Abu biyu aka samu. Na ɗaya, modem ɗin yana kan dikoda ne cikin rufaffen kabad, a watan da zafin Kano yake haura digiri 40. Jikinsa ba ya taɓuwa da rana. Na biyu, kuma shi ya fi, adaftarsa. An rubuta 12V 1A a jikinta. Da aka auna bakinta da maltimita ba tare da an jona komai ba, 12.2 ta nuna, wanda shi ne yake yaudarar mutane. Da aka auna tana ɗauke da modem, ta hanyar 'yar mahaɗa mai baki biyu, 11.3 da safe, 10.4 da ƙarfe uku, kuma lambar tana rawa. Adafta mai gajiya haka take, lafiya idan babu kaya, ta durƙushe idan ta yi zafi.

An sayo sabuwa 12V 1.5A, ₦5,500. Abu uku ake dubawa: bolt ɗin ya zama daidai 12, amfiya ta kai ta tsohuwar ko ta fi, sannan zanen da yake nuna tsakiyar baki ce +. Bakin 5.5 da 2.1 ne. Akwai mai 2.5 da yake shiga ramin amma ya yi sako-sako, a taɓa tebur modem ya mutu, a kula da shi. Sabuwar tana riƙe da 12.1 da rana tsaka.

An fito da modem daga kabad aka ɗora shi a kai, a tsaye, iska tana ratsa shi.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Ping ya kwana ya yini babu yankewa.

Asabar, 19 ga Afrilu

An yi murna da wuri. Yau PON tana ƙiftawa, LOS ta yi ja sau biyu. Hasken da modem yake karɓa -28.3 dBm, ya faɗi ƙasa da iyaka. Ba don lambar ranar 5 ga wata ba, da sai a ce layin dama can haka yake. Faɗuwar kusan dB 9 cikin mako biyu, kuma abin da ya canza shi ne wurin zaman modem.

Laifin gyaran ranar Alhamis ne. Da aka mayar da kabad jikin bango, siririyar wayar faiba mai ruwan ɗorawa ta naɗe a bayansa, ta yi lanƙwasa kamar an ninke igiya. Faiba gilashi ce, idan aka lanƙwasa ta da yawa haske yana tsiyaya ta gwiwar. An ja kabad, aka warware ta a hankali, aka naɗa ragowar zobe mai faɗin tafin hannu aka manne a bango. Haske ya koma -20.2. Ragowar 0.6 ɗin an bar shi.

Ba a cire koren kan daga modem ba, kuma bai kamata a cire ba sai da dalili. Ƙura kaɗan a bakinsa ta isa ta ci dB biyu ko uku. Kuma ba a leƙa bakin faiba da ido: hasken da yake saukowa na 1490 nm ne, ido ba ya ganinsa, amma yana iya yin illa.

Talata, 22 ga Afrilu

Masu gida suna so su riƙa kallon kyamarorin tsaro daga waje. tracert 8.8.8.8, umarnin da yake jera zangon da saƙo yake bi, ya nuna 192.168.50.1, sai 192.168.1.1, wato NAT biyu a jere cikin gida: rauta da modem kowanne yana ɓoye adireshin da ke bayansa. Wannan ana iya zagaye shi da DMZ, saitin da yake sa modem ya miƙa wa rauta duk abin da ya shigo daga waje. Abin da ba a iya zagayewa daga cikin gida shi ne adireshin WAN na modem, wanda ya fara da 100.72. Duk abin da ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127 ba adireshin duniya ba ne, rukuni ne da aka keɓe tun 2012 don kamfanoni su raba adireshi ɗaya ga kwastomomi da yawa. Ke nan ko an buɗe ƙofa a rauta da modem, akwai ƙofa ta uku a hannun kamfani. Kyamarorin za su bi ta manhajar da ta zo da su, ko a biya kuɗin adireshi na musamman duk wata. An zaɓi manhaja.

Duk da haka an nemi kamfani ya mayar da LAN1 na modem yanayin Bridge, wato ya zama gada kawai, don rauta ta riƙe komai a wuri ɗaya. A gaskiya ba dole ba ne, gida irin wannan zai zauna da NAT biyu shekara da shekaru ba wanda ya lura.

Alhamis, 24 ga Afrilu

An yi canjin daga can ofishinsu, aka turo sunan shiga da kalmar sirrin PPPoE, hanyar da rauta take bugawa ta shiga layin kamfani. Lambar VLAN, wadda take ware layin intanet a hanyar kamfani, modem ne yake saka ta, ba a taɓa ta a rauta ba. Gwajin farko ya ƙi, kundin rauta ya ce an ƙi tantancewa. Ƙaramin harafin l aka karanta a matsayin lamba 1. An gyara, ta kama.

Sai wani abu mai ruɗarwa. Saƙon WhatsApp yana tafiya, hoto yana tsayawa a rabi. Google yana buɗewa, shafin banki ya yi ta juyi. Idan ƙananan saƙonni suna wucewa manya suna maƙalewa, MTU ake fara dubawa, wato iyakar girman ƙunshin saƙo ɗaya. Ethernet yana ɗaukar bayit 1500 a ƙunshi ɗaya, PPPoE yana cin 8, saura 1492. Rautar ta bar 1500 ɗin da yake wurin tun lokacin adireshi tsayayye.

Gwaji a Windows: ping 8.8.8.8 -f -l 1472. Ana ƙara bayit 28 na bayanan kan ƙunshi, na IP da ICMP, ya zama 1500. Babu amsa, babu ma saƙon kuskure, ƙunshin yana ɓacewa ne kawai. An riƙa ragewa: 1470 shiru, 1466 shiru, 1464 ya amsa. 1464 da 28 sun ba da 1492. An sa 1492 a WAN. Yanzu 1472 yana dawo da saƙon cewa sai an raba ƙunshin, wanda shi ne daidai, domin da shi kwamfuta take sanin ta rage girma. Hotuna da shafin banki sun warware.

Shafin modem ba ya buɗuwa ta rauta yanzu. Don duba haske sai an jona laftof a LAN2 an ba shi 192.168.1.10 da hannu. Tagar ping ta tsakiya ma ta daina amfani.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Asarar da ba a lissafa ba: Wi-Fi ɗin modem, wanda falon ƙasa yake dogaro da shi, yanzu suna ne kawai babu intanet a bayansa, tunda modem ya daina fita da kansa. An kashe shi don kada wayoyi su riƙa maƙalewa a kai. Daga rautar sama, 5 GHz ba ya ratsa kankare ko kaɗan, 2.4 GHz yana isowa falo da -74 dBm, gudu 6 zuwa 9. Maƙwabta sun cika tashar Wi-Fi ta 6 da ta 11, an tsayar da rautar a ta 1, faɗi 20 MHz. Ya ɗan ƙaru zuwa 12. Ba zai wadatar da talabijin ba.

Litinin, 28 ga Afrilu

Matsalar ɗauke wuta ta dawo ta wata ƙofa. Bayan an koma janareta, rauta tana bugawa ana ƙin ta har minti huɗu zuwa biyar, sannan ta kama. Da wuta ta yanke mata ba ta samu damar yin sallama da na'urar kamfani ba, can kuma ana ganin tsohon haɗin yana nan, ba a yarda da biyu da suna ɗaya, sai ya mutu da kansa. Babu saitin da zai gyara wannan daga gida. Maganin shi ne kada rauta da modem su mutu tun farko.

Asabar, 3 ga Mayu

An sayo ƙananan UPS, batirin da yake riƙe na'ura idan an ɗauke wuta, na 12V guda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ₦28,000 kowanne. An rubuta 10,400 mAh a kwali, kuma a nan ake ruɗin masu saye, domin lissafin a kan 3.7V na batirin ciki aka yi shi. 10.4 sau 3.7 ya ba da kusan Wh 38, wato wat 38 na awa ɗaya, a cire asarar ɗaga wuta zuwa 12V, a ce saura 30. Modem yana jan kusan wat 6, rauta kusan 8. A takarda awa biyar da awa uku da rabi da ɗoriya. A gwaji modem ya yi awa 4 da minti 35, rauta awa 3 da minti 20. Ya isa cike giɓin sauya wuta da yawancin ɗaukewar rana, ba zai kai dare guda ba.

Makunnin zaɓen bolt da yake jikin UPS ɗin yana da 9 da 12. An duba da maltimita kafin a jona, aka kuma manne shi da salatif don yara.

Laraba, 7 ga Mayu

Kwana huɗu haɗin PPPoE bai yanke ba, duk da an ɗauke wuta sau tara. Haske -20.1.

Asabar, 10 ga Mayu

Kuɗin da aka kashe zuwa yau ₦80,000: kayan kebul 18,500, adafta 5,500, UPS 56,000.

Saura falon ƙasa. Akwai tsohuwar rauta a gidan, za a mayar da ita mai watsa Wi-Fi kawai: a kashe DHCP ɗinta, a ba ta 192.168.50.2, a jona ta LAN zuwa LAN, suna da kalmar sirri iri ɗaya da na sama, tasha ta 11 tunda ta sama tana kan 1. Hakan yana buƙatar kebul na biyu daga sama zuwa ƙasa, don haka za a ja biyu lokaci ɗaya a fitar da na alminiyom ɗin. Mita 60 na Cat6 jan ƙarfe zalla, a kankare a gani a shago kafin a biya, cikin bututun roba na milimita 20 nasu su kaɗai, nesa da wayar wuta. Ta cikin gida za a bi da su, ta gefen matakala. Mai wayarin ya kawo shawarar a zagaya ta bayan gini don ya fi sauƙi, an ƙi, domin damina ta ƙarato kuma kebul ɗin jan ƙarfe a waje yakan kwaso tsawa ya ƙona ramin WAN. An sa ranar Asabar mai zuwa, idan an samu kebul ɗin.